Kumburin Wuyan Mai Man Kaɗe

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma bin dama, ina aiki a ɗakin shan magani na Birnin Gwari. Ni ke ba da ƙwaya, ni ke yin allura, ni ke wanke gyambo, ni ke rubuta sunayen marasa lafiya a babban littafi. Likita ba ya zaune da mu. Sau ɗaya yake zuwa a wata cikin motar asibiti, ya yi kwana biyu yana duba waɗanda na tara masa, ya wuce gaba. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin. Ina da wani tsohon littafin aikin jinya da bangonsa ya fita, na karanta shi har na kusa haddacewa, saboda haka ina ganin babu ciwon da zai shigo ƙofar nan in kasa kiran sunansa.

Wata ranar kasuwa, damina ta yi nisa, wata mata ta shigo da hannu a naɗe cikin ganye. Daga Kusasu take, za ta kai shekara hamsin, gajera ce mai ƙarfin jiki. Sana'arta man kaɗe. Ita da matan ƙauyensu suke shiga bakin dajin Kamuku da sassafe su tsinto ƙwarar kaɗanya, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su fitar da mai. Man ne ya fallatso mata a bayan hannu tana tsaka da tafasa shi. Kirista ce, Hausarta tana da karin harshensu, kuma bakinta ba ya hutawa. Kafin in gama kwance ganyen ta gaya mini yawan 'ya'yanta, da wanda ya fi ba ta wahala, da dalilin da ya sa man bana zai fi na bara fari.

Ina shafa mata magani ta kawar da kai don kada ta ga ƙunar, sai na ga kumburin. Yana gefen dama na wuyanta, ƙasa da ƙashin muƙamuƙi, girmansa kamar ƙwan zabuwa.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta ce ai wannan tsohon abu ne, ya yi damina takwas, ba ya ciwo, ba ya hana ta cin tuwo. Mutanen gidansu sun ce ɗaukar kaya ne ya jawo shi, don matan wajensu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Ta ce ta taɓa kai wa wanzami ya tsaga, ya lallatsa, ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce shi ba ya sa ƙarfe a abin da yake numfashi. Na yi dariya, na ɗauka tsoro ne kawai ya kama wanzamin.

Na ba ta ruwa ta haɗiye ina kallo. Kumburin bai motsa ba, na ce to ba maƙoƙo ba ne, don shi maƙoƙo yana bin maƙogwaro sama da ƙasa. Abin da ya rage a littafina shi ne kaluluwa, kaluluwar da ta daɗe haka kuwa a ƙasarmu ta tarin fuka ce. Na ga irinta ba iyaka. Na rubuta sunanta cikin waɗanda za su ga likita, ina jin daɗin kaina don na gano abin da ita kanta ba shi ya kawo ta ba.

Likitanmu mutumin kirki ne, amma ƙauyuka sun yi masa yawa, komai da sauri yake yi. Ranar da ya gan ta layi ya kai har bakin rijiya. Ya taɓa wuyan, ya ji abin da na ce, ya ce da alama haka ne, a fara mata allurar tarin fuka. Ta bar ƙauye ta zauna wurin 'yar ƙanwarta a cikin gari, kullum da safe ita ce ta farko a bakin ƙofa. Wata biyu cur ina soka mata allura, yau hagu gobe dama, har ta fara ce mini in na gama da ita ba za ta iya riƙe ruwa ba, duk ta zama rariya. Kumburin ko gezau.

Da likita ya ga haka, ya ce za a cire kaluluwar a aika da ita ɗakin gwaji na babban asibiti, wanda yake tafiyar wuni guda a mota daga wurinmu. Aiki ne da muka saba yi. Da hantsi muka kwantar da ita a ɗan ɗakin da muke ɗinki, ya yi mata allurar kashe zafi, na riƙe tocila da hannu ɗaya, auduga a ɗaya. Ya tsaga fata, ya buɗa, ya kai ga abin. Yana sa bakin wuƙa jini ya taso. Ba irin jinin da na saba gani ba ne, wanda za ka goge ya tsaya. Wannan cika ramin yake yi, ka goge ya sake cika kafin ka ɗaga hannu. Na ga fuskar likita ta canza. Ya danna auduga da yatsu biyu, ya ce in kawo duk audugar da muke da ita. Ya tsaya a danne, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san hannuna mai riƙe da tocila ya mutu na canza hannu har sau uku.

Ita kuwa tana kwance fuskarta na kallon bango, sai ta tambaya ko mun kusa gamawa, don ƙafarta ta yi sanyi.

Allah Ya taimake mu jinin ya lafa. Likita bai sake yunƙurin cire komai ba. Ɗan guntun naman da ya maƙale a bakin hantsakinsa, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, shi ya jefa cikin kwalbar ruwan da ake adana nama. Ya ɗinke. Direba yana ta leƙowa don ana jiransu a wani gari, saboda haka a tsaye ya cika takardar da za ta raka kwalbar. Na ga abin da ya rubuta, layi ɗaya ne: kumburi a wuya, ana zaton tarin fuka.

Bayan mako shida amsa ta zo. Likita ya karanta sau biyu, sannan ya fassara mini. Ba tarin fuka ba ne. Ciwon daji ne, kuma ba a wuyan ya fara ba, daga wani wuri ya yaɗo, watakila daga maƙogwaro, watakila daga ƙoda. Ya kira ta ya duba ta daga kai har ƙafa, ya matsa cikinta, ya gwada fitsarinta, ya tura ta asibitin da ya fi kusa aka ɗauki hoton ƙirjinta. Ba a ga komai ba. Ya ce mini haka ciwon yake yi wani lokaci, uwar tana ɓuya ana ganin 'ya'yan. Ya ce in ya riga ya kai wuya babu abin da za mu iya, da wuya ta ga damina biyu. Ni ya bar wa aikin gaya musu.

Na zaunar da ita da maigidanta a gindin mangwaron bayan ɗakin magani. Shi dattijo ne mai ƙarancin magana, manomin dawa da doya. Na yi ta zagaye-zagaye kafin na faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, Allah ne mai komai. Ita ta dube ni ta ce to ta ji, amma tana da ƙwara a shanye a gida, in babu sauran allura za ta tafi.

Bayan haka duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gaishe ni, wani lokaci da ɗan curin man kaɗe a ganye ta ce in kai wa mahaifiyata. Ni kuma sai in ɗora ta a sikeli, don likita ya ce in riƙa rubuta nauyinta mu ga yadda take ramewa. Wata na farko nauyin bai sauka ba. Na biyu bai sauka ba. A na uku sai ya hau. Na buga sikelin na ɗauka ya lalace, na hau da kaina ya nuna daidai. Na taɓa ganin masu ciwon daji, na san yadda ido yake zurmawa, yadda zani yake ƙin zama a ƙugu. Wannan matar kuwa daga Kusasu take tahowa a ƙasa da tulun mai a kafaɗa, ta iso tana faɗa da waɗanda suka bar ta a baya ko ta bar su.

Wata rana babu mutane sosai, na ce ta zauna in sake duba wuyan. A da matsawa nake yi, kamar yadda ake matsa kaluluwa. Ran nan sai na ɗora yatsu kawai na bar su, ban danna ba. Na ji abu yana ture mini yatsa, ya saki, ya ture, ya saki. Na kama wuyan hannunta da ɗaya hannun. Tare suke tafiya, bugu ɗaya. Na tura kumburin gefe ya tafi, na dawo da shi ya dawo. Na tura shi sama ya ƙi, ƙasa ya ƙi, kamar an ɗaure shi a jikin igiyar da ta miƙe daga ƙirji zuwa kai. Na ɗauko abin sauraren ƙirji na ɗora a kai. Akwai ƙara a ciki, fuu, fuu, kamar zuga-zugin maƙeri daga nesa.

Na cire na sake sawa. Na gwada ɗaya gefen wuyan, babu wannan ƙarar. Na miƙe na zagaya teburi na dawo, ta tambaye ni ko kunama ce ta harbe ni. Ban san sunan abin da na ji ba, littafina bai ambace shi ba, amma na san kaluluwa ba ta yin haka. Maganar wanzamin nan da na yi wa dariya ta faɗo mini, na ji kunya ni kaɗai.

Kwana goma sha ɗaya suka rage likita ya zo, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. Motarsa tana tsayawa na tare shi tun bai sauko da jakarsa ba. Ya saurari wuyan ya daɗe, ya cire abin daga kunnensa. Daga baya ya ce yanzu ya gane jinin ranar nan. Ya ce in zauna in rubuta duk abin da na sani game da matar, tun daga ranar da ta fara shigowa, kada in bar komai, shi zai sa hannu a ƙasa a aika wa likitan ɗakin gwaji.

Kwana biyu na yi ina rubuta wasiƙar da Turanci, ina yagewa ina sakewa. Na sa damina takwas, na sa allurar wata biyu, na sa jinin, na jera nauyinta wata bi wata, na sa bugun da ƙarar da yadda yake tafiya gefe ya ƙi tafiya sama. Na yi ta shawarar ko in sa maganar wanzami, ina tsoron manyan likitoci su yi mini dariya. A ƙarshe na sa.

Ko mako biyu ba a yi ba aka kawo mini wayar tangarahu daga gidan waya, abin da ba a taɓa aiko mini ba tunda nake. An ce a kawo ta, kada a sake yanka, kuma wanda ya rubuta wasiƙar ya zo tare da ita. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na shiga na karanta wa mai shara, na fito na karanta wa masu jiran magani da ba su san kan zancen ba. Na ari keke na nufi Kusasu a ranar.

Mu uku muka tafi a motar katako, ni da ita da maigidanta, a kan buhunan doya. Hanyar ta ratsa daji, birai suna tsallake titi, ita tana nuna mini itatuwan kaɗanya tana faɗin wanda ya yi 'ya'ya bana da wanda ya ƙi, ko da ba ta taɓa zuwa gindinsu ba. Ni hankalina ya riga mu isa.

Likitan ɗakin gwajin dogon mutum ne ɗan kudu, da furfura a gefen kai, ya yi karatu a ƙasar waje, yana jin Hausar kasuwa. Na zaci zai sa mu jira a benci. Sai ga shi ya fito da kansa da wasiƙata a hannu, duk ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi da jan biro. Ya gaishe da Mama da hannu biyu, ya roƙi izinin taɓa wuyanta. Ya ce mini shekara da shekaru mutane suna zuwa masa a cikin kwalba, ba safai yake ganin mai naman a tsaye ba. Ya ɗora yatsu ya rufe ido. Da ya buɗe sai na ga yana murmushi kamar yaron da aka ba sabuwar riga. Ya nuna layin wanzami a wasiƙar ya ce wannan mutumin ya fi mu duka.

Ya ja ni ciki. Ɗakin yana warin magani mai yaji a ido. Ya nuna mini yadda ake bi da naman in ya iso: a tsane ruwansa, a binne shi cikin kaki, a sa a wata na'ura mai wuƙa a yanko shi siriri fiye da bawon albasa, a ɗora a gilashi, a rina. Ya zaro wani gilashi daga akwati ya ce wannan wuyan Mama ne. Ni ban ga komai ba sai ɗan ɗigon ja kamar an kashe sauro. Ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya ce in leƙa.

Na leƙa, da farko gashin idona kawai nake gani. Ya murɗa wani abu, sai fili ya buɗe. Ruwan hoda ne da shuɗi, ƙananan ƙwayoyi birjik kowace da ɗigo a tsakiya, sun taru gungu-gungu, jajayen hanyoyi suna ratsa tsakaninsu. Duk wannan yana cikin abin da bai fi ƙwayar dawa ba, wanda na gani da idona a bakin hantsaki. Na ɗago na dubi gilashin, na sake leƙawa, na sake ɗagowa. Ya bar ni na yi haka har na gaji.

Sannan ya yi mini bayani. Ya ce rabin naman hantsaki ya murƙushe shi, ba a iya karanta komai a wurin. Sauran rabin ga shi, ƙwayoyi a gungu da jini kewaye da su. Ciwon dajin maƙogwaro yana yin gungu haka, na ƙoda ma yana yi. An ce masa kaluluwa ce, in kuwa aka ga irin waɗannan ƙwayoyi a cikin kaluluwa, baƙi ne, daga wani wuri suka zo.

Ya ce, "Na yi kuskure, Malam. Kuma in aka sake kawo mini wannan gilashin da waccan takarda mai layi ɗaya, zan iya sake yin sa. Madubi ba ya gaya mini abu yana bugawa."

Ya ce akwai wani abu da yake zato, amma ba zai faɗi sunansa ba sai an yi wani rini na daban, na ruwan azurfa. Matsalar ita ce naman da ya rage a cikin kakin bai fi yanka biyu ko uku ba. In suka lalace shi ke nan, don ba mai sake kusantar wuyan nan da wuƙa.

Wani dattijo ne mai yankan, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin. Ya ɗauki kakin ya duba a haske, ya ce kowa ya matsa daga bayansa, kuma a rufe taga saboda iska. Ya wasa wuƙarsa ya daɗe. Ya murɗa hannun na'urar a hankali, yankan farko ya fito ya naɗe ya yage a tsakiya. Ya ɗora ƙanƙara a kan kakin, ya jira, ya hura masa numfashi, ya sake murɗawa. Na biyun ya fito lafiya, ya ɗauke shi da gashin buroshi ya shimfiɗa a kan ruwan ɗumi, ya taro shi da gilashi. Sai a lokacin na lura na riƙe rigar likitan ta baya.

Washegari da azahar rinin ya kammala. Likitan ya leƙa, bai daɗe ba ya buga teburi da tafin hannu, ya tashi ya ba ni kujerar. Wannan karon babu ruwan hoda. Baƙaƙen zare ne sirara, sun kewaye kowane gungu sun rufe shi ruf, gungu bayan gungu, kamar ƙore a cikin ragaya. Ya ce wannan saƙar yake nema. Ya ce a wuyan kowane mutum, inda babbar jijiyar jini take rabuwa biyu, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, aikinsa ɗanɗana jini ya ji ko iska ta ishe shi. Can ba a rasa ba, a wani mutum ɗaya, sai abin nan ya yi ta girma ya zama ƙari. Yana zaune a kan jijiya, shi ya sa yake bugawa, shi ya sa ba ya tafiya sama ko ƙasa, shi ya sa ya kusa kashe ta da aka taɓa shi. Ba baƙo ba ne daga ƙoda, a nan aka haife shi. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin gilashinsa, yana ɗalibi, a akwatin malaminsa, bai taɓa samun nasa ba sai yau.

Labari ya zaga asibitin. Likitoci suka riƙa shigowa suna layi a bayan madubi. Wani babba a cikinsu ya leƙa ya ce shi bai gamsu ba, naman ya yi kaɗan, ya taɓa ganin ciwon maƙogwaro da ya yi irin wannan saƙar. Suka yi ta musu a tsaye da Turancin da ban kama rabinsa ba, kowa yana zaro littafi. A ƙarshe suka yarda a naɗe gilasan biyu a aika wa tsohon malamin nan a ƙasar waje, tare da wasiƙata. Da na ji wasiƙata za ta hau jirgin sama na fita waje na tsaya ina dariya ni kaɗai.

Likitan ya sa aka shigo da Mama ya ce ta leƙa ta ga wuyanta. Ta rufe ido ɗaya da hannu ta leƙa ta daɗe, ta ce wannan ai ƙwan kwaɗo ne a bakin tafki. Sannan ta gyara zama ta dube shi.

Ta ce, "Likita, ni tambayata ɗaya ce. Zai kashe ni ko ba zai kashe ni ba?"

Ya ce, "Mama, in abin da nake zato ne, yawancinsu ba sa kisa. A hankali suke girma. Amma ba zan rantse miki ba sai amsa ta dawo."

Maigidanta, wanda tun fitowarmu bai yi magana goma ba, ya tashi ya fita. Na same shi a bayan ɗakin ya dafa bango yana share ido da hularsa.

Amsar ta ɗauki wata biyu. Tsohon malamin ya ce ƙarin nan ne, ba shakka. Ya ƙara da cewa kaɗan daga cikin irinsa suna yaɗuwa, kuma gilashi ba ya nuna wanda zai yi da wanda ba zai yi ba, sai dai a sa mata ido. Aka sake kiran mu. Likitan fiɗa ya zaunar da su, ni ina fassara. Ya ce ana iya cire shi, amma yana manne da jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa. Tana iya tashi lafiya, tana iya tashi da shanyewar ɓarin jiki ko babu murya, tana iya ƙin tashi. In an bar shi zai ci gaba da girma a hankali. Ta tambaye shi irin wannan nawa ya taɓa cirewa. Ya ce ko ɗaya. Ta yi magana da maigidanta da harshensu, gajeriyar magana, sannan ta ce a bar mata abinta, ta saba da shi.

Ni a lokacin ban ji daɗi ba. Ina ganin tunda an sha wannan wahala an gano sunansa, ya kamata a gama aikin. Likitan ɗakin gwajin ya ce mini sunan ya riga ya yi aikinsa, tunda an daina soka mata allurar banza, an daina jiran mutuwarta, kuma ba wanda zai sake tsaga wuyan da sunan kaluluwa. Ya ba ni tef irin na tela ya ce in riƙa auna kumburin duk wata in aiko masa.

Shekara biyu ina aunawa. Abin da ya ƙaru bai kai faɗin farce ba. A shekara ta ukun ya rubuto cewa za a ɗauki masu koyon aikin ɗakin gwaji, ya sa sunana in ina so. Mahaifina bai gane aikin ba, ya tambaye ni yadda za a yi mutum ya bar ba mutane magani ya koma kallon guntayen nama. Na yi masa bayani har sau uku, ya ce in tafi tunda na ga kamar ba zan iya zama ba. Na damƙa wa wanda ya gaje ni tef ɗin da littafin awon, na rubuta da manyan baƙaƙe a katinta cewa kada a yanka.

Mama ta rayu shekara goma sha tara bayan haka. Kumburin ya kai girman mangwaro, muryarta ta dushe a ƙarshe, ta daina ɗaukar kaya a wannan kafaɗar ta koma ɗayar. Ciwon haƙarƙari ne ya ɗauke ta a wata damina, tana da jikoki har da masu aure. Ni kuwa na yi shekara talatin da 'yan kai ina yanka da rini, kuma sau biyu kacal irin wannan ƙarin ya sake biyowa ta hannuna. Na farkon na gane shi tun gilashin bai bushe ba, na ruga na kira likita. Na biyun na rina shi na jera a tire tare da sauran ban lura ba, sai wata sabuwar likita da ba ta fi wata uku da zuwa ba ta biyo ni har teburina ta tambaya ko muna da ruwan azurfa.